Tambaya kan kalmar zelus ta Latin: ya aka yi himma da kishi suka fito ciki ɗaya?

Ummi_Zee ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harsuna ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ina koyon Faransanci ne, to akwai kalmar jaloux wato mai kishi, irin kishin miji da mata ko na masoya, sannan akwai zèle wato himma da ƙwazo a kan aiki ko addini. Malaminmu yace wai asalinsu ɗaya ne, dukansu daga wata kalmar Latin zelus suka fito, kuma haka abin yake a Turanci tsakanin jealous da zealous. Ni abin da ya ɗaure min kai biyu ne. Na farko ya aka yi z ta koma j, ai ko kusa basu yi kama a baki ba. Na biyu kuma wanda yafi damuna, ya za a ce abin yabo da abin zargi sun fito daga kalma ɗaya? Mutum mai himma kowa na so, mai kishi kuwa gudunsa ake. Ko dai kamanni ne kawai aka gani aka haɗa su? Sannan idan da gaske ne, ita zelus ɗin a bakin Rumawa me take nufi, himmar ko kishin? Nagode.

MalamNaHarshe ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malama Ummi. Malaminku gaskiya ya faɗa, ba kamanni bane, asali ɗaya ne kuma ana iya bin sawunsa a rubuce tun daga farko har yau. Ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita don abin yana da daɗi.

Farko dai zelus ba 'yar gida bace a Latin, aro ce daga Girkanci, zelos. A wajen Girkawa ma'anarta ita ce zafin nan da ke taso wa mutum a ƙirji in yaga wani abu mai daraja, ko a hannun wani ko a gabansa, har ya kasa zama. Tun wajen shekara 700 kafin Miladiyya mawaƙinsu Hesiod ya ambace ta, a tatsuniyoyin allolinsu ya mai da Zelos mutum, yace ɗan Styx ne da Pallas, 'yan uwansa su ne Nike wato nasara, da Kratos wato ƙarfi, da Bia wato tilas, duka huɗun suna zaune a gefen Zeus, babban allolinsu. Kinga nan a cikin manya aka sa shi. Amma shi dai wannan Hesiod ɗin a wata waƙar tasa ya kira zelos mai mugun baki mai murna da sharri, wanda zai riƙa bin mutane a lalataccen zamani. To tun daga tushe fuska biyu gareta, ba daga baya ta lalace ba.

Wanda ya zauna ya tsefe abin shi ne Aristotle, wanda ya rasu a 322 kafin Miladiyya. Ya raba zelos da wata kalmar, phthonos. Yace dukansu ciwo ne da kake ji in kaga alheri a hannun tsaranka, amma mai zelos ciwonsa shi ne shi bai samu ba, sai ya tashi ya nema, shi kuwa mai phthonos ciwonsa shi ne wancan ya samu, sai ya nemi yadda zai raba shi da abin. Na farko yace halin mutanen kirki ne, na biyu na ƙasƙantattu. Ni a ganina har yau babu wanda ya fi shi fayyace wannan.

Su Rumawa na zamanin su Cicero, shahararren marubucinsu, basu cika amfani da zelus ba, da ƙyar zaki ganta a rubutunsu, suna da nasu kalmomin, aemulatio ta gasa da koyi, invidia ta hassada. Cicero ma da yazo bayani kan cututtukan zuciya a shekara ta 45 kafin Miladiyya, da ya iso kan kishi sai da ya jawo kalmar Girkanci zelotypia ya ajiye ta kusa da ta Latin don a gane abin da yake nufi. Harafin Z kansa shaida ne, Latin ta daɗe babu shi, sai a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya aka shigo da shi tare da Y don rubuta kalmomin Girkanci, shi yasa aka jera su can ƙarshe kuma har gobe nan suke a abacada. Duk inda kika ga z a tsohuwar kalmar Latin to kusan kullum baƙuwa ce. Wanda ya sa zelus ta zama ta kowa shi ne coci, wannan kuma na barwa wanda ya fini sanin littafin.

Sai batun z da j. Talakan daular Rum bakinsa bai saba da z ta Girkanci ba, sai ya haɗe ta da wani sauti da yake da shi, irin wanda ke fitowa in di ta haɗu da wasali, kusa da j ɗinmu. Muna da hujja domin a rubuce-rubucen Kiristocin farko ana samun zabulus a maimakon diabolus wato shaiɗan, ana samun baptidiare a maimakon baptizare, ma'ana su a kunnensu sautin ɗaya ne sai su riƙa musanya su. Haka diurnum ta zama giorno a Italiyanci, jour a Faransanci. To aka ɗauki zelus aka liƙa mata -osus wanda ke nufin cike da, ta zama zelosus, bakin mutane yayi ta murza ta ƙarni bayan ƙarni har ta fito gelos a kudancin Faransa, geloso a Italiya, jalos sannan jaloux a arewa. Mawaƙan soyayya na kudancin Faransa a ƙarni na 12, waɗanda ake ce wa troubadour, su suka ƙara kafe ta a kan ma'anar kishin aure, domin a waƙoƙinsu kullum akwai gilos, mijin da ke tsare matarsa yana zarginta. Masana da dama ma suna ganin daga can kalmar ta haura arewa, saboda a ƙa'idar Faransancin arewa -eux ya kamata ta ƙare da shi ba -oux ba.

Ita kuwa zèle bata bi ta baki ba sam, malamai ne masu karatun Latin suka ɗauko ta kai tsaye daga littafi suka sa a Faransanci, shi yasa z ɗinta na nan da ma'anarta ta coci. Kamar tsabar kuɗi biyu ne da aka buga rana ɗaya, ɗaya tayi ta yawo hannu hannu har tambarin ya goge, ɗaya tana ajiye a akwati. Kuma ba su kaɗai bane, hospitale ta Latin ta ba Faransanci hôtel ta hanyar baki da hôpital ta hanyar littafi, waɗanda su ne muka aro ta hanyar Turanci muke cewa otal da asibiti. Turanci kuma ya karɓi dukansu, jealous ta shiga farkon ƙarni na 13 ta hanyar Faransancin da Normandawa suka kawo bayan sun ci Ingila a 1066, zeal sai ƙarshen ƙarni na 14, zealous kuma sai ƙarni na 16.

Bitrus_K ya rubuta:

Sannu da ƙoƙari Malam, tunda ka miƙo min bari in ɗora daga inda ka tsaya. 'Yar'uwa Ummi, a Ibrananci akwai kalma qin'ah, ita ma tana ɗaukar duka biyun, zafin kare abin da kake ƙauna da kuma kishin miji. Da Yahudawan Iskandariya suka fara juya Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu sai suka fassara ta da zelos, daga nan masu fassarar Latin suka ɗauka yadda take, har zuwa malamin coci Jerome wanda ya fara aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a 382 ya kammala wajen 405 a Baitalami. Wannan fassarar tasa ita aka yi ta karantawa a cocin Yammacin Turai sama da shekara dubu, kinga dole kalmar ta zauna a kunnen mutane.

Ki duba wurare kaɗan. A Fitowa 20:5 inda Allah yake cewa shi mai kishi ne, Latin ɗin zelotes tace. A Zabura akwai ayar da Yohanna 2:17 ya maimaita lokacin da Yesu ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, zelus domus tuae, wato kishin gidanka. Annabi Iliya a 1 Sarakuna 19 yace zelo zelatus sum, ma'ana nayi kishi matuƙa saboda Ubangiji, har yau wannan ne taken 'yan zuhudun Karmel. Duk waɗannan na yabo ne. Amma a Ƙidaya sura 5 inda ake maganar mijin da ke zargin matarsa, zelotypia aka sa. Yakubu 3:14 kuma yayi gargaɗi kan zelum amarum, kishi mai ɗaci. Littafi ɗaya, saiwa ɗaya.

Iyayen coci sun san da wannan sarai. Cyprian bishop ɗin Carthage, a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258, ya rubuta wa'azi guda sukutum kan zelus da hassada yana cewa ita ce ta sa Kayinu ya kashe Habila, ita ta sa 'yan uwan Yusufu suka sayar da shi. Benedict kuma a ƙarni na 6, a babi na 72 na dokokin da ya rubuta wa 'yan zuhudu, yace akwai mugun zelus mai ɗaci da ke raba mutum da Allah, akwai kuma mai kyau da ke raba shi da zunubi, sai ya bayyana mai kyau ɗin da cewa su riƙa rige-rigen girmama juna da haƙuri da raunin juna. Wannan babin yana taɓa ni duk sanda na karanta, domin bai ce su kashe zafin ba, cewa yayi su juya shi.

Abu ɗaya da zan ƙara wanda ke nuna rabuwar bata faru da wuri ba, a fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611, maganar Iliya ɗin nan da jealous aka fassara ta, ba zealous ba. Wato a lokacin Bature na iya cewa yana jealous saboda Allah kuma kowa ya gane himma yake nufi. Yanzu kuwa matasa na karanta jealous God su rikice, suna ɗauka ana jingina wa Allah ƙaramin hali, alhali kalmar ce ta ƙuntace a hannunsu, nassin bai canja ba.

Sai zealot. Akwai wata ƙungiya cikin Yahudawan da suka yi wa Rum tawaye a shekara ta 66, suna kiran kansu zelotai, suna koyi da Finehas na Ƙidaya 25. Josephus, marubucin tarihi Bayahude wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya zarge su sosai, yace sun ɗauki sunan kamar masu himmar alheri alhali ɓarna suke himmatuwa a kai. Ƙarshenta Titus, kwamandan sojojin Rum, ya rusa Urushalima da Haikali a shekara ta 70. Cikin almajiran Yesu ma akwai Saminu da Luka ya kira Zaloti, masana suna da saɓani ko ɗan irin wannan tafiyar ne ko kuwa laƙabi ne kawai na mai zafin addini. Daga sunan ƙungiyar nan ne Turanci ya samu zealot, zuwa ƙarni na 17 ta koma nufin mai tsattsauran ra'ayi kowane iri. Kinga ko ɓangaren da ake cewa na yabo bai tsira ba.

Sadiq_09 ya rubuta:

Kai masha Allah an karu wlh. Ni tambayata biyu ce gajeru, kasar New Zealand fa, ita ma daga nan sunanta ya fito, kamar ace kasar himma? naga rubutun iri daya ne. Sannan meye bambancin jealous da envy don naga turawa da kansu suna cakuda su, mutum zai ga motar abokinsa yace yana jealous, toh wannan ai hassada ce ba kishi ba ko?

Anti_Bilki ta rubuta:

Sadiq ƙanena New Zealand babu ruwanta da wannan zancen. Sunan wani lardi ne a Holand, Zeeland, ma'anarsa ƙasar teku, bayan Abel Tasman ya isa tsibiran a 1642 masu zana taswira na Holand suka sa musu sunan lardin, Turawan Ingila suka gyara rubutun daidai bakinsu. Wannan shi ne kamannin da Ummi take tsoro, amma jaloux da zèle ba haka bane.

Malam ka yi bayani mai kyau amma ina da ja a wuri ɗaya, yadda ka tsara shi sai mutum ya ɗauka hanyar baki ita ta haifi mugun ma'ana, hanyar littafi ta riƙe mai kyau, shikenan an raba gado. A Faransanci da Turanci eh kusan haka ne, amma je ka Sifaniyanci ka gani, ni shi na karanta. Su kalma ɗaya suka riƙe, celo, a da ma da z suke rubuta ta. In kace celo tilo to himma ce da kula da aiki, in kace celos jam'i to kishi ne na masoya, harafin s ɗaya tak ya raba su. Celoso kuma duka biyun take ɗauka, miji celoso mai kishi ne, amma in aka ce ma'aikaci celoso ne a kan aikinsa yabo ne babba, wato baya wasa da amanar da aka bashi. Har wa yau in dabba ta shiga lokacin neman barbara cewa suke tana en celo. Fotugis kuma uku ya fitar daga saiwar, zelo himma, ciúme kishi, cio na dabbobi. To kaga abin da ke ƙasan duka zafi ne kawai, zafin da ke hana sukuni, sauran kuma ya danganta da inda aka nufa da shi.

Sannan ko a Faransancin Ummi, zèle ba kullum yabo bace. In suka ce wani yana faire du zèle nufinsu ya cika zaƙewa, yana wuce abin da aka sa shi don a gani. Akwai ma grève du zèle, wani irin yajin aiki da ma'aikata basa barin aiki, sai dai su bi kowace doka filla-filla ba sassauci, jami'in kwastan ya buɗe kowace jaka ya duba kowace takarda har layi ya toshe, ba wanda zai ce sun karya doka amma komai ya tsaya cak.

Kuma abin da yafi burge ni, harsunan da basu aro daga Latin ba suma haka suka yi. Jamusanci Eifer himma, Eifersucht kishi, wato ciwon himma, don Sucht ɗin nan asalinta daga kalmar rashin lafiya take. Rashanci revnost kishi, amma siffar da aka ciro daga gareta, revnostny, mai himma take nufi. Mu kanmu da wace kalma muke cewa kishin ƙasa da kishin addini da kishin kai, ai da ita dai muke cewa kishiya. Ummi kin ce mai kishi gudunsa ake, amma in aka ce miki wane bashi da kishi ai zagi ne. Don haka ni ban ɗauki abin a matsayin haɗarin tarihi da ya faɗa wa Latin ba, mutane ne a wurare daban daban suka lura abu ɗaya ne ke motsi a zuciya, son abu har ka kasa jure a taɓa shi.

Ummi_Zee ta rubuta:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Anti wannan misalin na wane bashi da kishi ya shige ni sosai. Malam dan Allah saura tambayar Sadiq ta biyu ba a amsa ba, nima ina son ji. Sannan a ƙamus ɗina naga jalousie tana da ma'ana ta biyu wai wani irin taga ko labulen katako, shin wannan ma daga zelus ɗin ne ko irin na New Zealand ne?

Abu_Hanan ya rubuta:

Kafin Malam ya dawo bari in sa baki kan tambayar Sadiq ta ɓangaren Larabci, domin malamanmu sun yi wannan rabe-raben tun tuni kuma zai taimaka a gane na Turawan. Kalmomi uku ne. Akwai hasad, ita ce muka aro muke cewa hassada, wato ka so ni'imar da ke hannun wani ta gushe ko da kai baka samu ba. Akwai gibɗa, ka so irin abin da yake da shi ba tare da ka so nasa ya gushe ba. Sai gaira, wato kishi, zafin da kake ji in za a shiga hurumin da yake naka ko wanda aka baka tsaro.

Hadisin da ke cewa babu hassada sai a abu biyu, mutumin da Allah ya ba dukiya yana kashe ta a kan gaskiya da wanda aka ba hikima yana hukunci da ita yana koyar da ita, malamai sun ce gibɗa ake nufi a wurin. In ka ɗora wannan kusa da abin da Malam ya kawo na Aristotle zaka ga zelos ɗinsa ita ce gibɗa, phthonos kuma hasad, kusan layi kan layi. Ita kuma gaira ta zo a hadisin Sa'ad bin Ubada da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) yace wa sahabbai kuna mamakin kishin Sa'ad, to ni na fi shi kishi, Allah kuma ya fi ni. Malam Bitrus kaga mu ma muna da irin abin da ka kawo na Fitowa, kuma mu a Hausa bamu samu rikicin da matasan Turawa suka samu ba saboda kalmar tamu bata ƙuntace ba.

To Sadiq wanda yaga motar abokinsa, in so yake ya samu irinta gibɗa ce, in so yake ta ƙone hassada ce, amma kishi bai shigo ba tukuna sai in akwai abin da yake ganin nasa ne ana neman ƙwacewa. Hanya mafi sauƙi ka ƙirga mutanen, hassada mutum biyu take buƙata da abu ɗaya a tsakani, kishi kuwa galibi uku ne, kai da wanda kake so da wanda kake tsoron zai ɗauke shi.

MalamNaHarshe ya rubuta:

Hajiya Bilki na karɓi ƙarin nan hannu biyu, Sifaniyanci ya nuna abin fiye da Faransanci, hanyar baki da ta littafi ta bayyana yadda siffar kalmar ta rabu ne, ma'anonin kuwa dama can suna tare. Abu Hanan ya gama da ma'ana, ni zan ƙara asalin kalmar kawai. Envy ta Turanci da envie ta Faransanci da envidia ta Sifaniyanci duk daga invidia suke, ita kuma daga in da videre, wato kallon abu da mugun ido, ba ta da dangantaka da zelus ko kaɗan. Hassada a wajen Rumawa a ido take, kishi kuwa a zafin ƙirji. Abin da Sadiq ya lura da shi gaskiya ne, a Turancin yau jealous ta mamaye filin envy a maganar yau da kullum, amma envy bata shiga filin jealous ba, ba zaka ji an kira mijin da ke zargin matarsa envious ba. A Faransanci kuma envie tayi wata tafiyar daban, ta yi sanyi har ta koma sha'awa kawai, Ummi ai kin riga kin koyi j'ai envie de, ina son in yi kaza, babu ko ɗigon hassada a ciki.

Tagar kuma eh daga zelus take, ba irin ta New Zealand bace. A Italiya aka fara kiran ragar katako da ake sa wa taga gelosia, wato kishi, Sifaniyawa suka ce celosía, Faransawa suka ɗauka suka ce jalousie. Ki kwatanta yadda take, siraran katako ne a jere ko a saƙe, a ɗan karkace, iska na shiga haske na shiga, wanda ke ciki in ya matso da fuskarsa yana ganin duk mai wucewa a titi, na waje kuwa in ya ɗaga kai duhu kawai yake gani tsakanin katakon. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne an sa mata sunan ne saboda maigida mai kishi da baya son a ga matan gidansa, kuma ita ce tagar da mai zargi zai iya leƙe ta ciki ba a ganshi ba. Irin wannan aikin katako ne ake gani a tsofaffin gidajen Alƙahira da sunan mashrabiyya, da kuma Andalus.

Daga Faransanci sunan ya bazu da kayan, Jamusawa na cewa Jalousie, Turkawa jaluzi, Rashawa zhalyuzi, 'yan Poland żaluzja, dukansu suna nufin labulen nan mai falle-falle da ake ja da igiya a ofisoshi, kuma a waɗannan harsunan kalmar bata nufin kishi ko kaɗan tunda suna da nasu kalmar ta kishi, taga kawai suka sani. A Turanci ma ana kiran tagar nan mai jerin gilasai da ake buɗewa da ɗan hannu a gefe jalousie, suna rubuta ta da rubutun Faransanci, alhali ita da jealousy kalma ɗaya ce ta shigo musu sau biyu, ta farko a zamanin Normandawa ta biyu kuma bayan ɗaruruwan shekaru.